Me ya sa jariri ba ya kwana yana barci? Fashin baƙi kan tashin dare da matakan girma

Shin jaririn da ya kai wata huɗu, ko ma shida, amma har yanzu yana tashi sau uku ko huɗu kafin asuba, akwai abin da ke damunsa? Nono ne bai ishe shi ba, haƙori ne, baki ne ya kama shi, ko uwar ce ta saba masa da hannu? Idan kuma ɗan maƙwabta da aka yi sunansu mako guda ya riga ya zauna, naki kuwa ko an zaunar da shi sai ya ɓingire, rashin barcin ne ya ja shi baya?

Tambayoyin nan sun girmi kowa, sai dai yanzu sun sami sabon dandali. A zaurukan mata na WhatsApp da Facebook ana ta yawo da jadawali: a wata kaza yaro ya yi kaza, a wata kaza ya kwana bai farka ba. A TikTok sai ka ga baturiya ta kwantar da ɗan wata biyar a ɗakinsa shi kaɗai da magariba, ta ce sai gari ya waye. A cikin gida kuma ga kaka da gwaggo suna cewa a dama masa koko, nono kaɗai ba ya riƙe ciki. Mai goyo tana tsakiya, ido ya yi jawur, kowa na gaya mata inda ta kuskure.

Wata bazara ƙanwata ta kira ni ƙarfe biyu da rabi na dare, ba wuta, ɗanta na fari yana da wata huɗu. Ina jin kukansa yana danne muryarta. Ta ce, "Yaya, ni na rasa laifin da na yi. Watan jiya sai ya yi awa biyar bai motsa ba, yanzu ko awa biyu ba ya kaiwa." Ba ta yi laifin komai ba, kuma dalilin da ya sa na ce haka shi nake son in warware a nan.

Yadda barcin jariri yake

Barcin babba zagaye-zagaye ne. Yana farawa da marar nauyi, ya nutsa cikin mai nauyi, ya fito zuwa na mafarki, kowane zagaye kimanin minti 90. A ƙarshen zagayen mukan ɗan farka, mu gyara kwanciya, mu koma, da safe ba ma ko tunawa. Zagayen jariri gajere ne, minti 50 zuwa 60, kuma kusan rabin barcin nasa irin marar nauyin nan ne wanda ƙwaƙwalwa ke ta aiki a cikinsa.

Ki zauna wata rana ki ƙura wa ɗan mako uku ido yana barci. Fatar idonsa na rawa, bakinsa na tsotson iska, ya yi murmushin nan da iyayenmu ke cewa mala'iku ne ke masa wasa, ya yamutsa fuska, ya yi nishi, ya miƙa hannu ya janye. Numfashin ya yi sauri, ya lafa, ya dawo. Duk wannan barci yake yi. A nan ne uwa kan yi saurin sa hannu ta ɗauke shi don kada ya fara kuka, sai ya zama ita ta tashe shi. Da za ta dakata minti ɗaya ko biyu, sau da yawa zai wuce zuwa zagaye na gaba da kansa.

Ga kuma ciki. Cikin sabon haihuwa ƙarami ne, nonon uwa kuma ba ya daɗewa bai narke ba, shi ya sa yake neman sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Wanda zai ci abinci sau goma a wuni da kwana, dole wasu su faɗo cikin dare. Shan daren ma yana taimaka wa nonon ya ci gaba da zuwa.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, daga haihuwa zuwa wata 3 jariri na buƙatar barcin awa 14 zuwa 17, daga wata 4 zuwa 11 kuma awa 12 zuwa 16. Abin da masu yaɗa jadawali ke mantawa su faɗa shi ne lissafin na awa 24 ne, an haɗa da na rana, da wanda ya yi a goye, da wanda ya yi a cinya. Babu inda aka ce sai ya yi su a jere.

Jariri kuma ba ya zuwa duniya da sanin bambancin dare da rana. Tsarin da ke gaya wa jiki cewa dare ya yi yana fara daidaita ne daga wajen mako shida zuwa wata uku, lokacin da jikinsa ke fara samar da melatonin, sinadarin da ke sa barci, a kan ƙa'ida. Kafin nan yana samun kaɗan daga nonon da ya sha da dare. Abin da uwa za ta iya yi shi ne ta taimaka wa tsarin: da safe a buɗe taga, a fito da shi tsakar gida ya ga haske, a bar hayaniyar gida yadda take. Da dare a rage fitila, a shayar ba hira ba wasa, kada a dalle masa fuska da hasken waya.

Kukan magariba

Daga mako na biyu kukan jariri kan fara ƙaruwa, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, wato daidai lokacin da mai jego ke shirin arba'in, sannan ya sauka a wata na uku zuwa na huɗu. Ya fi yawa da yamma zuwa farkon dare. Yaro ya naɗe ƙafa, fuska ta yi ja, a ba shi nono ya ƙi, a goya ya ƙi. Wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya sa wa abin ma'auni tun 1954: kukan da ya wuce awa uku a rana, fiye da kwana uku a mako, har mako uku, ga yaron da ke da lafiya yana kuma ƙara nauyi. Ana ganin irinsa a ƙasashe daban-daban, ga masu shan nonon uwa da masu shan madarar gwangwani, kuma yana wucewa da kansa.

Da yake magariba yake zuwa, mutanenmu kan danganta shi da iska ko baki. Addu'a ga yaro abu ne mai kyau a kowane lokaci, a yi ta. A haɗa da sa shi gyatsa bayan ya sha, da rungume shi fata da fata, da goyo ana zagaya tsakar gida. Abu guda ne ba ya da uzuri: girgiza jariri da ƙarfi cikin fushi. Wuyansa bai yi ƙwari ba, kansa ya yi masa nauyi, girgizar daƙiƙa kaɗan na iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa. Wanda ya ji haƙurinsa ya ƙare, ya kwantar da yaron a wuri mai aminci, ya fita ya sha iska ko ya miƙa wa wani.

Me ke faruwa a wata huɗu?

Wannan shi ne abin da ya sami ƙanwata. Tsakanin wata uku da biyar barcin jariri yana sauya fasali, ya fara kama da na manya mai matakai-matakai, farkawar ƙarshen zagaye kuma ta fi fitowa fili. Yaron da barci ya ɗauke shi da nono a baki, idan ya farka bai ji nonon ba, zai nema. A daidai wannan lokaci ne kuma ya fara gane duniya: yana juyi, yana kai hannu ga abu, da rana ya saki nono ya waiga don ya ji an buɗe ƙofa. Abin da bai sha da rana ba, da dare zai rama.

Haka abin ke dawowa a kowace sabuwar gaɓa. Masu bincike sun lura yara kan ƙara tashin dare a makonnin da suka fara rarrafe. Wajen wata takwas zuwa tara kuma ƙiwa ke shigowa, yaro ya gane uwa na iya fita ta bar shi, sai ya riƙa farkawa yana laluben ta. Wani ma ka same shi tsakar dare ya dafa bango ya miƙe, ya rasa yadda zai koma ya zauna, yana kuka. Sau da yawa lalacewar barcin alama ce ta cewa yaro na koyon sabon abu.

A 2018 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun wallafa abin da suka gani ga ɗaruruwan jarirai masu lafiya. A wata shida, kashi 38 cikin 100 ba sa yin awa shida a jere ba su farka ba, kashi 57 ba sa yin awa takwas. A wata goma sha biyu ma kashi 28 ba sa kai awa shida. Da suka bi yaran, ba su ga wata alaƙa tsakanin tashin daren da jinkirin basira ko na motsin jiki ba. Sun kuma ga masu tashin daren sun fi kasancewa cikin masu shan nonon uwa. A ƙasar da yawancin jarirai ke kwana a gadonsu ke nan. Don haka baturiyar TikTok ko a garinsu ba ta wakiltar kowa.

Zama, rarrafe, tafiya: yaushe ne lokaci?

Kalmar "matakan girma" na nufin abubuwan da yaro ke iya yi bi da bi: ya yi wa fuska murmushi wajen wata biyu, wuya ya tsaya wajen wata huɗu, ya yi juyi, ya zauna, ya fara gwaranci, ya miƙe, ya taka. Jerin kusan iri ɗaya ne ga yawancin yara, amma ranakun sun bambanta ƙwarai.

Mafi amfanin alƙaluman da na sani su ne waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, bayan ta bi yara 816 masu lafiya a ƙasashe biyar: Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Zama ba tare da jingina ba, wani ya yi shi tun kafin ya cika wata huɗu, wani sai da ya haura wata tara. Rarrafe daga wata biyar zuwa sha uku da rabi. Tafiya shi kaɗai daga wata takwas har zuwa sha bakwai da rabi. Dubi tazarar tafiyar nan, ta haura wata tara, kuma duk yara ne lafiyayyu. Kimanin huɗu cikin ɗari ma ba su yi rarrafe ba sam. Da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta sabunta jerinta na matakan girma a 2022, ta cire rarrafe daga ciki.

Renon gida ma na da tasiri. Tun 1976 wani mai bincike, Charles Super, ya nuna cewa jariran ƙabilar Kipsigis a Kenya suna riga na Amurka zama da tafiya, saboda iyayensu na koya musu da gangan. Mu ma mun san wannan: a zaunar da yaro a cikin kwali ko baho, a tokare shi da zannuwa. Ba laifi idan wuyansa ya tsaya kuma akwai mai kallo, sai dai riga zama da wata guda ba ya nufin zai fi ɗan'uwansa basira.

Inda nake ganin muna da gyara shi ne sakin yaro a ƙasa. Goyo alheri ne, yana kwantar da hankalin yaro, yana ba uwa hannu biyu. Amma ƙa'idojin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun ce kada a tsare jariri wuri guda fiye da awa ɗaya a lokaci guda, kuma sun ambaci goyon baya da sunansa. Sun ce yaron da bai fara rarrafe ba a riƙa kifa shi a kan cikinsa idonsa biyu, aƙalla minti 30 a rarrabe cikin wuni. Tabarma ta isa. Ki kifa shi, ki kwanta gabansa ki kira sunansa, za ki ga yana ta ƙoƙarin ɗaga kai. Da wannan ƙoƙarin wuya da kafaɗa da baya ke yin ƙwarin da zama da rarrafe ke buƙata. Bakwaini kuwa a lissafa masa daga ranar da ya kamata a haife shi. Wanda ya zo da saura wata biyu, idan ya cika wata shida, a auna shi da ɗan wata huɗu.

Kwana da uwa ko koya wa yaro kwana shi kaɗai?

A nan ne musun ya fi zafi. Masu ra'ayin horar da jariri, wanda likita Richard Ferber ya shahara da shi a Amurka tun 1985, suna cewa a kwantar da yaro idonsa biyu, idan ya yi kuka a ɗan jinkirta kafin a je, ana ƙara tazarar a hankali har ya koyi komawa barci da kansa. Binciken da aka yi a Ostireliya, inda aka bi yaran har shekara shida, bai ga illa mai ɗorewa ba, bai kuma ga wata fa'ida mai ɗorewa ba. Amfaninsa na ɗan lokaci ne, galibi ga barcin uwa. Su kansu masu wannan ra'ayi ba sa cewa a yi wa ɗan ƙasa da wata huɗu zuwa shida.

Ɗaya ɓangaren, irin su James McKenna na Jami'ar Notre Dame, suna cewa kwanan jariri kusa da uwa yana shan nono shi ne abin da ɗan Adam ya saba da shi, tashin daren kuma wani ɓangare ne na shayarwa. Ni a nan na fi karkata, musamman da yake a gidajenmu da yawa ɗaki ɗaya ne, ba wani ɗakin jariri, kukan minti goma kuma zai tashi gida da maƙwabta. Amma akwai gargaɗin da bai kamata mu yi watsi da shi don daga Turai ya zo ba.

Akwai mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai cikin barci ba tare da wani ciwo a fili ba, ta fi yawa tsakanin wata biyu da huɗu. Bayan da aka fara gangamin kwantar da jarirai a rigingine a Amurka a 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Yawancinmu mun taso ana kifa jariri don kada tumbuɗi ya shaƙe shi, ko don ya fi daɗewa yana barci. Lafiyayyen jariri a rigingine yana iya haɗiye ko fitar da tumbuɗinsa, nauyin barcin kifen kuma shi ne haɗarin. Kifewa ta lokacin da yake ido biyu ce, barci kuwa a rigingine. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka na ba da shawarar ɗaki ɗaya amma shimfiɗa daban, aƙalla wata shida na farko. Wadda za ta kwana da ɗanta a gado ɗaya, katifar ta zama mai tauri, a janye filo da bargo daga wajensa, kada a sa shi tsakanin yayyensa, kada a yi barci da shi a kujerar falo. Haɗarin ya fi girma idan bakwaini ne, ko akwai mai shan taba a ɗakin, ko uwar ta sha maganin da ke sa barci. Da hunturu a guji nannaɗe shi har ka, kada kuma a bar garwashi a rufaffen ɗaki. Gidan sauro dole ne, a soke shi da kyau yadda ba zai sauko masa a fuska ba.

Kemis, koko da haƙori

Tashin dare bai taɓa ba ni tsoro kamar abin da ake yi don a hana shi ba. Washegarin daren da ƙanwata ta kira ni, surukarta, mace mai ƙaunar jikanta, ta ce mata, "Ke 'yar nan, ki aika kemis a karɓo masa na haƙori, ki huta ke ma." Aka kawo 'yar kwalba, ba takardar likita, ba wanda ya tambayi watanninsa. Allah ya sa ƙanwata ta kira ni kafin ta buɗe.

Magungunan mura da na ƙaiƙayi irin su Piriton da Phenergan, da wasu ke ɗura wa jarirai don su yi barci, ba a yi su don haka ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba wa ɗan ƙasa da shekara biyu Phenergan, saboda yana iya danne numfashi har ya kashe. A Najeriya kuma ba mu manta da My Pikin ba, maganin haƙorin da ya gurɓata da wani sinadari mai guba irin wanda ake samu a man birki. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 ya lalata ƙodar yara a jihohi da dama, ciki har da Legas da Kaduna, hukumomi suka ce aƙalla 84 sun rasu. A 2022 ma kimanin yara 70 suka mutu a Gambiya bayan shan gurɓataccen maganin tari.

Haƙori kansa yakan fara fitowa wajen wata shida, wani da wuri, wani sai kusan shekara. Yana sa dalala, ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima ta kwana biyu ko uku. Ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo gudawa. Abin da ke faruwa shi ne a watannin nan yaro ya fara kai komai baki, garkuwar da ya samo daga uwa kuma tana raguwa. Duk uwar da ta ce "haƙori ne" ta zauna, alhali maleriya ce ko gudawa mai ƙarar da ruwan jiki, ta rasa kwanaki masu tsada.

Koko da ruwa kafin wata shida su ma ba sa sayo barcin da ake nema. Suna cika ciki da abin da bai kai nono amfani ba, su rage tsotso, nonon ya ragu, ga haɗarin gudawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Mai son sanin ko nono na isar ɗanta, ta duba fitsari, ya jiƙa aƙalla sau shida a wuni da kwana, ta kuma duba katin awo idan an je rigakafi. Zuma kuma sai bayan shekara guda.

Lokacin da ba a jira

Akwai tashin daren da ba na girma ba ne. Jaririn da bai kai wata uku ba idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti ne a daren, ba sai da safe ba. Haka idan ya ƙi nono gaba ɗaya, ko numfashinsa ya kai 60 a minti kafin wata biyu, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko jijjiga ta kama shi, ko maɗigarsa ta faɗa ko ta kumbura, ko idonsa da tafinsa suka yi rawaya. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne akasin rigima: jaririn da ya yi lakwas, yana ta barci, ana tashinsa da ƙyar. Irinsa ake yaba wa da haƙuri, alhali wani lokaci ciwo ne ya kwantar da shi.

A ɓangaren girma, a nuna wa ma'aikacin lafiya yaron da ya kai wata uku bai yi murmushi ba ko ba ya bin fuska da ido, wanda ƙara ba ta firgita shi, wanda ya wuce wata huɗu wuyansa na lilo, wanda ya kai wata tara bai zauna ba, ko wata sha takwas bai taka ba. Wanda kuma ya iya abu sannan ya daina, ko yake amfani da gefe ɗaya na jikinsa kawai, kada a jira shi ya cika wani wata.

Wa ke tashi da uwar?

Tsarinmu na jego ya gane wani abu: mai haihuwar fari takan tafi gida, ko a turo mata tsohuwa, har arba'in. Matsalar ita ce taimakon na ƙarewa a daidai lokacin da kuka ke kan ganiyarsa, watan huɗu kuma ya iske ta ita kaɗai, ga girki, ga wanki, wata ga aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa, rashin barci kuma yana ƙara masa wuta. Macen da ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, ba ta jin daɗin komai, ko barci ya ƙi zuwa ko da yaron ya yi, tana buƙatar ganin likita, tana kuma buƙatar wanda zai karɓi yaron.

A gidan ƙanwata abin da aka yi ba shi da yawa. An mayar da kwalbar. Mijinta ya ɗauki aikin bayan sallar asuba: ta shayar, ya karɓe shi ya fita da shi tsakar gida, ita kuma ta rufe ƙofa ta yi awa biyu. Da rana ta riƙa shayar da shi a ɗaki inda ba abin da zai ɗauke masa hankali, ta kuma shimfiɗa masa tabarma tana kifa shi. Bayan mako uku tashin ya ragu zuwa sau biyu. A wata bakwai ya zauna, a wata takwas da rabi ya fara rarrafe, tashin daren ya dawo na kwana goma, a wannan karon ba ta kira kowa ba.